Darasi: Dalilin da ya sa mura ke kada tsoho ta bar jikansa

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai.

Ya ƴan'uwa, kowane hunturu muna ganin abu guda: mura ta shiga gida, jika ya yi kwana uku yana tari ya miƙe, amma kakansa ya kwanta har numfashi ya gagare shi. Malaman likita sun bayyana dalilai uku.

Na farko shi ne tsufan garkuwar jiki. A bayan ƙashin ƙirji akwai wata ƴar tsoka mai suna timus, inda ake horar da sojojin jini masu gane sabuwar cuta. Tun daga balaga take ƙanƙancewa. Don haka idan baƙuwar ƙwayar cuta ta shiga huhun dattijo, sai ta tarar da masu tsaro kaɗan, kuma masu jinkiri.

Na biyu shi ne jiki ya juya wa kansa baya. Akwai wani sinadari, intaferon, wanda jiki ke fitarwa tun farkon harin cuta domin ya hana ta yaɗuwa. A shekarar 2020, masu bincike ƙarƙashin likita Jean-Laurent Casanova sun duba mutum 987 da korona ta kai bakin mutuwa. 101 daga cikinsu jininsu na ɗauke da abin da ke kashe ƙarfin wannan sinadari, kuma 95 daga cikin 101 ɗin maza ne. A 2021 an gano wannan aibi a jinin kusan kashi 4 bisa 100 na waɗanda suka haura shekara 70.

Na uku shi ne gado. Wasu ana haihuwarsu da rauni a ƙwayoyin halittar da ke sarrafa intaferon, ba su sani ba sai ranar da cuta ta zo.

Darasin da ke ciki: kada mu auna ciwon tsoho da namu. Mai tari ya rufe bakinsa, ya wanke hannu, ya nisanci dattijai a zaure da cikin sahu. Mu lulluɓe su da asuba, mu tambayi likita game da rigakafi. Idan numfashin tsoho ya yi sauri, ko hankalinsa ya rikice, ko ya ƙi ci da sha, a kai shi asibiti ranar nan, kada a ce sai gobe.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.