Injin Sharar Kafet: Abin Da Za A Yi In Ya Tsaya

A da, tsintsiya da sandar kakkaɓe darduma sun ishi uwargida tsabtace ɗaki. Yanzu kuwa kafet ya shiga gidaje da masallatai da ofisoshi, daga bango zuwa bango, irin wanda ba a iya naɗewa a fitar waje. Shi ya jawo mana injin zuƙar ƙura. Injin nan ya daɗe a duniya. A 1901 wani Bature mai suna Hubert Cecil Booth ya ƙera wani ƙato a Landan, doki ke jan sa zuwa ƙofar gida, a zura dogon tiyo ta taga. A 1908 wani mai shara a Amurka, James Spangler, ya yi rajistar ƙaramin da ake turawa da hannu, wanda kamfanin Hoover ya yaɗa. Amma a wurinmu har yau baƙo ne. Da ya yi shiru sai a ce ya ƙone, a jingine shi bayan ƙofa, alhali sau da yawa lafiyarsa lau.

Abin da ya kamata kowa ya sani shi ne, injin nan da iska yake rayuwa. A cikinsa akwai fanka mai gudun gaske, ita ke jawo iska ta baki, iskar ta ɗauko ƙura, ta bar ta a jaka ko kwano, ta bi ta matata ta fita. A yawancin na gida, wannan iskar dai ita ke sanyaya injin. In hanya ta toshe, zuƙa ta ragu, injin ya ɗau zafi. Masu ƙera shi sun sa masa wani ɗan makunni mai yanke wuta da kansa in zafi ya yi yawa. To, wanda injinsa ya mutu yana tsakiyar aiki, ya taɓa jikinsa ya ji zafi, kada ya ɗaga hankalinsa. Ya cire fulogi, ya bar shi ya huce kamar awa guda, kafin nan ya nemi abin da ya shaƙe shi.

A cire fulogi daga bango kafin a taɓa komai. Wannan ba abin wasa ba ne.

A fara da jaka. Ba sai ta cika maƙil ba. Ƙurar hunturu laushi gare ta kamar garin alkama, tana toshe ƙofofin jakar tun tana rabi. Haka take yi wa matata. Littafin da ke zuwa da injin an rubuta shi ne a ƙasashen da ba su san hazo ba, saboda haka daga Disamba zuwa Fabrairu a riƙa duba matata fiye da yadda ya ce. In mai wankuwa ce, a wanke da ruwa zalla, a shanya ta kwana guda cur. Mai gaggawar da ya mayar da ita da danshi, shi ya kai wa injinsa ruwa da hannunsa.

Sai tiyo. Injin gidanmu ya taɓa yin wata biyu a ajiye, ana jiran kuɗin gyara. Ran nan na cire tiyon, na miƙar da shi, na jefa ƙwandala ta sama, ba ta faɗo ba. Na zura sandar tsintsiya a hankali, sai ga safar yaro ta fito, ta naɗe ƙwallon dabino biyu da guntun leda. Ko sisi ban kashe ba. In kuwa tiyon ya tsage, za ka ji yana zuƙar iska ta tsagar ko yana fito. A naɗe wurin da salatif kafin a sami sabo.

Wanda ke da buroshi mai juyawa a ƙasa, a kifa shi a duba. Zare da gashin kitso sukan nannaɗe shi har ya kasa motsi. Almakashi ne maganinsu. In an ji ƙaurin roba, bel ɗin da ke juya buroshin ne ya saki ko ya tsinke, kuma ba shi da tsada. Ƙaurin waya dabam ne. In an ji shi, ko aka ga tartsatsi da ƙara mai karkarwa, a kashe nan take a kai wa mai gyara. Wataƙila 'yan gawayin nan biyu da ake kira kabon ne suka cinye, a canza su tun koyil bai ƙone ba.

In ko motsi bai yi ba, a gwada soket ɗin da wani abu, a duba fis na cikin fulogi, mai lamba 13 a yawancin fulogi masu ƙafa uku, a bi waya da hannu ko ta karye, musamman inda ta shiga jikin injin. Jan waya daga nesa don cire fulogi shi ke kawo wannan, kuma yara sun fi kowa yi.

Ga wani jan kunne ga masu sayen na gwanjo. Wutar Nijeriya bolt 230 ce, ta Amurka 120. Injin da aka yi don Amurka, in aka cusa shi a soket ɗinmu, zai yi kuka mai ƙarfi na ɗan lokaci, sai hayaƙi. A karanta takardar da ke manne a jikinsa tun a kasuwa. A duba wat ɗinsa kuma: da yawa sun haura 1,000, ƙaramin janareta na shago ba zai ɗauke su ba.

Injin wanke kafet da ruwa shi ma ɗan gidan ne, sai dai tankinsa biyu, na ruwa mai kyau da na dauɗa. In ya daina zuƙa, galibi tankin dauɗa ne ya cika, wata 'yar ƙwallo mai iyo ta taso ta rufe hanya, ko murfin bai zauna daidai ba. Garin sabulun wanki babban abokin gabansa ne, domin kumfarsa kan ɗaga ƙwallon tun tanki bai cika ba, ta kuma bar kafet yana danƙo. In ya ƙi fesa ruwa, ƙananan hujojin fesawa ne suka toshe da busasshen sabulu ko farin dattin ruwan rijiya; a jiƙa su da ruwan ɗumi, a tsokace da allura. Na ƙura zalla kuwa, kada a kuskura a zuƙi ruwa da shi, ko da shayi ne ya zube.

Jama'a, musamman masu kula da masallatai da matan gida, kada a bari sai jajiberin Salla a jawo injin daga bayan ƙofa. A kunna shi tun saura mako guda, in da abin saye a saya, in na mai gyara ne a kai masa tun layi bai yi tsawo ba.