Jinkirin Zuwa Asibiti: Darasi Domin Iyalin Kirista

Karatu: 2 Sarakuna 5:1-14, 2 Sarakuna 20:1-7, Markus 5:25-34, Luka 10:30-37

Ayar haddacewa: 1 Korintiyawa 6:19-20

Manufa: Iyalin Kirista su gane abubuwan da ke hana mutum neman likita da wuri, su kuma fahimci cewa addu'a da magani ba kishiyoyin juna ba ne.

Gabatarwa

Abu ne da aka saba gani a unguwannin Maiduguri. Maigida a Bulumkutu ko Jiddari Polo yakan tashi da ciwon kai, sai ya aiki yaro kemis ya sayo masa ƙwaya biyu. Ciwon ya lafa, ya fita neman abinci. Bayan mako guda ciwon ya dawo tare da jiri, ya ce zafin rana ne. Haka za a yi ta yi wata da watanni, har daren da zai faɗi, ɓarin jikinsa ya shanye, a ɗauke shi cikin Keke Napep zuwa asibiti. A nan ne iyali za su ji a karo na farko cewa hawan jini ne, cutar da awon minti biyar zai iya nunawa tun shekarun baya.

Maiduguri kuwa ba garin da ya rasa asibiti ba ne. Akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri wanda aka buɗe a 1983, da Asibitin Ƙwararru na Jiha, da Asibitin Umaru Shehu a Bulumkutu, da asibitin ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya a hanyar Baga, ban da ƙananan asibitocin unguwanni. To, me ke sa mai ciwo ya zauna a gida har sai abu ya ƙazanta?

1. Rashin kuɗi

Wannan dalili gaskiya ne, bai kuwa kamata a raina shi ba. A Nijeriya fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin jinya daga aljihun mai ciwo da danginsa yake fitowa. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin mota da na magani suka hau. Iyalai da yawa da rikici ya koro daga Gwoza, Bama da Cibok sun bar gonakinsu a baya, wasu kuma ambaliyar madatsar Alau ta ranar 10 ga Satumba, 2024, ta cinye ɗan abin da suka tara.

Duk da haka jinkiri ba ya rage kuɗi, ƙara shi yake yi. Kuɗin ƙwayar hawan jini ta wata guda bai kai na wankin ƙoda sau ɗaya ba, shi kuwa wankin ƙoda sau biyu ko uku ake yinsa kowane mako. Akwai kuma magungunan da ake bayarwa kyauta a asibitocin gwamnati, kamar na tarin fuka, na kuturta, na cutar ƙanjamau, da allurar rigakafin yara.

A cikin misalin da Yesu ya bayar, Basamariyen bai tsaya ga jin tausayi ba. Ya ɗaure raunukan, ya kai mutumin masauki, ya biya dinari biyu, ya kuma ɗauki alkawarin biyan sauran. Ikkilisiyar da ke tara gudummawa mai yawa ranar jana'iza, amma ba ta da asusun marasa lafiya, tana bukatar ta sake karanta wannan misali.

2. Dogara ga kemis da zato

A gidaje da yawa kowane zazzaɓi sunansa maleriya ko taifod, ba tare da an gwada jini ba. Tarihin Ikkilisiya a wannan yanki ya isa gargaɗi. A watan Janairu na 1969 wata ma'aikaciyar jinya a asibitin mishan na garin Lassa, Laura Wine, ta kamu da zazzaɓin da bai ji maganin da aka saba bayarwa ba. Aka kai ta Jos, a can ta rasu. Daga wannan ne duniya ta san cutar da ake kira zazzaɓin Lassa, wanda ɓera ke yaɗawa. A kwanakin farko yana kama da maleriya sosai, maganinsa kuwa ya fi aiki idan an fara shi da wuri. Idan ma'aikatan asibiti sun sha wuya kafin su gane shi, yaya mai sayar da magani a shago zai gane da ido kawai?

Gwajin maleriya na yatsa ba ya wuce minti 20. Shan maganin kashe zafi barkatai na dogon lokaci, da jiƙe-jiƙen da ba a san ma'auninsu ba, suna iya lalata ƙoda, ciwon da ya daɗe yana damun jihohin Borno da Yobe. Mai kemis yana da amfaninsa, amma ba shi ne likita ba.

3. Tsoro da kunya

Wani ba kuɗi ya rasa ba, tsoron abin da za a gaya masa ne ya zaunar da shi. Mace takan ji ƙullutu a mama ta yi shiru shekara guda, domin tana tsoron tiyata. Saurayi yakan yi tari wata uku, ya ƙi gwaji don kada a ce ƙanjamau ne. Wanda ya ga kisa da ƙone-ƙone tun daga 2009, ba ya barci, yana firgita, yakan ƙi zuwa asibitin hanyar Baga don kada a kira shi mahaukaci. Amma rashin sanin sunan cuta ba ya hana ta cin jiki.

Ikkilisiya ta san wannan kunya tun da daɗewa. Mishan ta buɗe wurin jinyar kutare kusa da Garkida a 1929, aka kuma buɗe na Molai kusa da Maiduguri cikin shekarun 1930. Masu kuturta sukan ɓoye tabon farko har sai yatsu sun lalace. Yau kuturta tana warkewa da maganin wata 6 ko 12, wanda kuma ya zo da wuri yakan tsira da yatsunsa. Tarin fuka ma yana warkewa da maganin wata 6 idan an sha ba fashi.

Matar da ta yi shekara 12 tana zubar jini ta san kunya, gama bisa ga Shari'a marar tsarki ce. Ta sha wahala a hannun masu magani da yawa, dukiyarta ta ƙare. Amma ba ta fid da zuciya ba, ta kutsa cikin taro. Yesu kuwa bai kunyata ta ba, ya kira ta 'yarsa a gaban jama'a. Haka nan a Yahaya sura 9 ya ƙi yarda cewa makantar mutumin nan hukuncin zunubinsa ne ko na iyayensa. Gidan da ake tsegumin mai ciwo, gida ne da ake koya wa mutane ɓoye ciwo.

4. Girman kai da jiran izini

Na'aman babban jarumi ne, amma kuturu. Wata ƙaramar baiwa ce ta nuna hanyar warkewarsa, barorinsa ne kuma suka lallashe shi sa'ad da ya yi fushi da umarnin Elisha na yin wanka sau bakwai a Kogin Urdun. Da ya bi zuciyarsa, da ya koma Suriya da kuturtarsa. Maza da yawa suna ganin bin layin kati ƙasƙanci ne, suna cewa namiji ba ya kwanciya don ciwon kai. Mai hikima yakan saurari matarsa da 'ya'yansa idan sun ce jikinsa ya canza.

Ga mata kuma matsalar takan zama jira. A 1994 masu bincike kan mutuwar mata wajen haihuwa sun bayyana jinkiri iri uku: jinkirin yanke shawarar tafiya, jinkirin isa asibiti, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Na farkon a cikin gida yake. Mace tana naƙuda tun dare, maigida yana tafiya, ba wanda zai ce a tafi. Zubar jini bayan haihuwa yana iya kashe mace cikin awa biyu. Saboda haka ya wajaba maigida ya ba da izini tun kafin ranar, ya ajiye kuɗin mota, ya kuma san wanda zai ba da jini idan an bukata.

Gaskiya ne kuma wani lokaci dogon layi, ko tsawar ma'aikaci, ko yajin aiki, sukan kashe wa mutum gwiwa. Wannan kira ne ga masu bi da ke aikin asibiti, su karɓi mai ciwo kamar Almasihu ne ya zo gabansu.

5. Gurguwar fahimtar bangaskiya

Wannan shi ne dalilin da ya fi shafar Ikkilisiya. Akwai masu koyar da cewa shan magani rashin bangaskiya ne, ko kuwa kowane ciwo sammu ne ko aikin mayu. Wasu sukan zubar da maganin ciwon suga bayan taron addu'a, su ce sun karɓi warkarwa, bayan mako biyu a kwantar da su a sume.

Sukan kafa hujja da Sarki Asa a 2 Tarihi sura 16, wanda aka zarga don ya nemi masu magani bai nemi Ubangiji ba. Amma wanda ya karanta surar duka zai ga laifin Asa ya riga ciwon ƙafarsa. Ya dogara ga sarkin Suriya, ya kuma jefa annabi Hanani a kurkuku don ya tsawata masa. Zunubinsa shi ne juya wa Allah baya.

A duba Hezekiya. Ya yi addu'a da hawaye, Allah ya ƙara masa shekara 15, sa'an nan annabi Ishaya ya sa aka ɗora curin ɓaure a kan marurun. Alkawarin Allah da magani suka tafi tare. Bulus, wanda Allah ya warkar da mutane ta hannunsa, ya yi tafiya da Luka likita, ya ba Timoti shawarar abin da zai sha saboda ciwon cikinsa, ya kuma bar Tarofimas a Militas ba shi da lafiya. Masu bishara da suka fara aiki a Garkida a 1923 ba su raba wa'azi da makaranta da ɗakin magani ba.

Yakubu 5:14 ya umarci mai ciwo ya kira dattawan ikkilisiya su yi masa addu'a. Wannan umarni yana nan daram, amma bai ce a rufe ƙofar asibiti ba. Wanda ya gaskata an warkar da shi, bari ya koma likita ya tabbatar, kamar yadda Yesu ya aiki kutare goma su nuna kansu ga firistoci. Warkarwa ta gaskiya ba ta tsoron gwaji.

Alamun da ba a kwana da su

A tafi asibiti nan da nan idan an ga: jijjiga ko suma, yaro ya ƙi nono ko yana numfashi da ƙyar, amai da gudawa mai kama da ruwan shinkafa, ana ba shi ruwan gishiri da sukari a hanya, zubar jini, kumburin fuska ko ciwon kai mai tsanani ga mai ciki, karkacewar baki ko mutuwar hannu, ciwon ƙirji mai tsanani. Tarin da ya kai mako biyu, ƙullutu a mama, da zazzaɓin da bai sauka ba bayan kwana uku na magani, su ma a kai su gwaji.

Kammalawa

Jikin mai bi haikalin Ruhu Mai Tsarki ne, amana ce da za a ba da lissafinta. Likita yana jinya, Allah ne mai warkarwa, neman na farko kuwa ba ƙin na biyu ba ne. Zumuntar Mata, Zumuntar Maza da ƙungiyar matasa za su iya shirya awon jini bayan sujada, su raka mai jin tsoro, su kafa asusun jinya, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Wanne daga cikin dalilan nan biyar ya fi yawa a wannan gida?
2. Mene ne bambancin halin Asa da na Hezekiya?
3. Idan maigida ba ya nan, wa ke da ikon cewa a tafi asibiti?
4. Wace amsa za a ba wanda ya ce shan magani rashin bangaskiya ne?

Addu'a: A roƙi Ubangiji domin marasa lafiya da ke ɓoye ciwonsu, domin iyalan da jinya ta fi ƙarfinsu, da kuma likitoci da ma'aikatan jinya na Maiduguri, ya ba su hikima da jinƙai.