FILIN MANOMA: GIRKI ƊAYA, CI UKU

Watan Yuli da na Agusta su ne lokacin da aikin gona ya fi tsanani, kuma su ne lokacin da hatsi ya ke ƙarewa a rumbu. Itace ya jiƙe, mata suna gona ko suna surfe, ga 'yan gayya suna jiran abinci. Hausawa sun ce da ruwan ciki a kan ja na rijiya. Manomin da ya fita noma da yunwa ba ya gama kunya goma sai ya nemi inuwa. Saboda haka darasin wannan mako shi ne yadda uwargida za ta hura wuta sau ɗaya, gida ya ci sau uku, ba tare da ɓarnar hatsi ko itace ba.

Abu na fari, shiri tun da rani. Kafin ruwa ya sauka a tanadi garin kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, barkono da ƙuli-ƙuli. Duk waɗannan suna daɗewa muddin an adana su inda laima ba ta kai ba. Haka kuma a haɗa garin ɗanwake da yawa: yawanci mudu 1 na wake, mudu 2 na garin rogo ko na dawa, da kuka gwargwado. Ranar buƙata sai a kwaɓa da ruwan kanwa, a jejjefa cikin tafasasshen ruwa. In ya taso sama ya ƙara tafasa kaɗan, ya nuna. Man gyaɗa da yaji kaɗai ya ke nema, kuma yana riƙe ciki har la'asar. Amma lalle rogon ya zama wanda aka ɓare, aka jiƙa kwana 3 ko fiye, aka shanya sarai, domin rogo mai ɗaci yana da dafi.

Abu na biyu, wake. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙwayar wake abinci ne mai gina jiki, watau irin wanda a ke nema a nama. In an haɗa shi da gero ko dawa ko masara, kowanne yana cike abin da ɗaya ya rasa. A jiƙa shi tun da dare, da safe a zubar da ruwan a sa sabo. Jiƙaƙƙen wake ya fi saurin nuna, itace kuwa ya ragu. A rufe tukunya. Kada a cika kanwa, gama yawanta yana ɓata wani sashe na amfanin abincin. Tukunya ɗaya babba ta isa a raba biyu: rabi a ci da mai da yaji, rabi a zuba cikin faten tsaki da rama ko zogale a kai gona. Garwashin da ya rage a ɗora tukunyar tuwon dare a kai, ko a dama kunun tsamiya.

Abu na uku, kwanan abinci, kuma a nan ne haɗari ya ke. Tuwon da zai kwana a kwashe shi da tsabtataccen mara, a rufe, kada kowa ya sa hannu a ciki. Tuwon da aka tuƙa da ruwan tsamiya ya fi jure kwana, domin tsami yana rage ƙarfin ƙwayoyin cuta. Miya a tafasa ta da dare, a sake tafasawa da safe. Ɗumame ba ɗumi-ɗumi ba ne, sai ya yi zafi har tsakiya yana tururi. Shinkafa kuwa dabam ce: in ta kwana a wuri mai zafi, wata ƙwayar cuta takan bar dafi a ciki wanda wuta ba ta kashewa. A dafa ta daidai ci. Abin da ya yi yauƙi ko ya sake wari, a zubar, kada a ba yara.

Arha ba ta halatta ruɓaɓɓen hatsi. Gyaɗa da masarar da suka yi funfuna suna ɗauke da dafi mai lalata hanta, dahuwa kuwa ba ta kawar da shi. A 1960 talo-talo fiye da 100,000 suka mutu a Ingila saboda abincin da aka haɗa da irin wannan gyaɗa. A tsince ta a yar. Haka nan kada a barbaɗa wa waken ci maganin ƙwari. Akwai buhu mai ruɓi uku wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta fara yaɗawa a Afirka ta Yamma a 2007. In an ɗaure shi tam, iska ba ta shiga, ƙwarin sai su mutu da kansu.

Maigida ya duba rumbunsa tun yau, ya ƙidaya bakin da ke ci da makonnin da suka rage kafin sabon gero, sa'an nan ya zauna da uwargida su auna mudun kowace rana. Wanda ya ke neman ƙarin bayani ya tuntuɓi malamin gona na yankinsa.