Bangon Tubali Ba Bulo Ba Ne: Jan Hankali Ga Masu Zanen Gini A Kwamfuta

Sana'ata zanen gine-gine, kuma yawancin ayyukan da ke zo mini daga ƙauyukan Ɗambatta, Bichi, Makoɗa da Dawakin Tofa ba sabon gini ba ne, gyara ne: zauren kaka da ake son ceto shi, masallacin unguwa da za a faɗaɗa, ko soron da magada ke son jingina masa ɗakunan bulo. A wannan yanki gona na manne da gona, taki ɗaya na ƙasa kan kai maƙwabta gaban dagaci. Kaurin bango a nan ba ƙaramar magana ba ce.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne zanen da abokan sana'a, musamman matasa, ke kawo mini in duba. Mutum ya auna bangon ƙasa a wuri ɗaya, ya buɗe manhajar Revit, ya zaɓi bango mai kauri ɗaya daga ƙasa har sama, wani ma inci tara kamar na bulo. Alhali maginin gargajiya bai taɓa yin haka ba. Yana jera tubali da yawa a gindi, yana rage su yayin da gini ke tashi, har bango ya tsuke a sama. Ba karkata ba ce, ba kuma rashin iya aiki ba. Gindi ne ke ɗauke da nauyin azara da ƙasar rufi, shi ne kuma ke shan dukan ruwan da indararo ke zubarwa duk damina. Wanda ya dubi ragowar ganuwar Kano, wadda aka faro a zamanin Sarki Gijimasu, ko bangon Gidan Makama, zai ga wannan hikima da idonsa.

Ga lissafi. Ɗauki bango mai tsawon mita 10, tsayi mita 3, kauri santimita 60 a gindi da 30 a sama. Ƙasar da ke cikinsa kubik mita 13.5 ce. Ka zana shi 60 har sama, kwamfuta ta ba ka 18, mai gida ya biya kuɗin birjin da ba ya buƙata. Ka zana shi inci tara, ta ba ka 6.75, rabi ke nan cif. Na biyun ya fi ba ni tsoro, domin injiniya zai ɗauka nauyin da ke kan harsashi kaɗan ne, kuma ɗakin da aka zana a jikin bangon zai tarar da gindin ya cinye masa fili ranar da aka zo ja igiya.

Kuma ba mu da uzuri yanzu. Revit ya kawo bango mai jirkice a fitowar 2021, sannan mai tsukewa sama a ta 2022. Sharaɗinsa kawai ka mai da ɗaya daga cikin shimfiɗun bangon mai sauya kauri, sannan ka ba kowace fuska kusurwarta. ArchiCAD ya daɗe da iya wannan. Inda kauri ke sauyawa ta tsawon bango, saboda yaɓen shekara da shekaru ko dakalin da aka ƙara, sai a yanka shi gaɓa-gaɓa ko a ƙera siffarsa da hannu. A kula da ƙofa da taga su tsaya a miƙe, kada su bi jirkicewar bango.

Sai dai manhaja ba ta san abin da ba ka auna ba. Ni nakan auna a gindi, a daidai ƙirji, da ƙarƙashin azara, ciki da waje, a kowace kusurwa. Nakan kuma nemi dattijon maginin garin in ce, "Baba, tubali nawa kuka jera a gindin nan?" Amsarsa kan nuna mini inda tubali ya ƙare, inda yaɓe ya fara, abin da tef ba zai faɗa ba.

Masu gida, in an kawo muku zanen gyaran ginin ƙasa, ku nemi a nuna muku hoton bangon a yanke daga sama zuwa ƙasa. In kun ga kaurinsa ɗaya, ku ce a koma a sake awo kafin ku sayi ko tifa ɗaya ta ƙasa.