Amsoshin Tambayoyinku: Fayil ɗin da ke Gadin Manhaja

Wannan tambaya ta fito ne daga wani ɗalibin kwamfuta a Zariya. Ya ce, me ya sa masu manhajar da kowa ke iya sa wa hannu suke ta fama da fayil ɗin gwaji, alhali ba ya ƙara wa manhajar komai?

To malam, manhaja irin Python, daga ƙasashe daban-daban ake aiko mata da gyara. Duk gyaran da ya shigo, sai na'ura ta harhaɗa manhajar daga tushe, ta gwada ta a kan Linux da Windows da macOS. In lafiya lau, alama ta fito kore. In an samu matsala ta fito ja, a dakatar da gyaran. Umarnin wannan aiki yana cikin ɗan fayil na YAML, wanda a GitHub ake ajiye shi a .github/workflows.

Fayil ɗin kuwa yana tsufa. Da aka daina tallafa wa Python 2 a 2020, sai da masu manhajoji suka cire shi daga jerin gwajinsu. Da aka rufe dandalin gwajin manhaja na travis-ci.org a 2021, da yawa suka sake rubuta nasu suka koma GitHub Actions.

Babban haɗarin shi ne a saba da ganin ja, har kuskure na gaske ya sulale ba a lura ba. Don haka ka ƙayyade sigar kowane kayan aiki, kada ka rubuta kalmar sirri a cikin fayil ɗin, kuma in gwaji ya faɗi ka gyara shi a ranar. Rigakafi ya fi magani.