DARASI: MAI CIWON SUGA DA BA SHI DA NA CEFANE, YAYA ZA MU TAIMAKE SHI?

Bismillahir Rahmanir Rahim.

'Yan uwa, kwanakin baya wani dattijo da muke sahu ɗaya ya sulale ya zube a ƙofar masallaci bayan Azahar. Gumi ya jiƙa masa riga, hannu na rawa, ana masa magana yana amsa abin da ba a tambaye shi ba. Nan take wani ya fara tofi, wani yana cewa iska ce. Sai Allah Ya kawo wani matashi ma'aikacin jinya, tambaya ɗaya ya yi: "Baba yana da ciwon suga?" Aka ce eh. Ya ga yana iya haɗiya, ya aika aka sayo lemon kwalba ya ba shi. Ba a jima ba ya dawo hayyacinsa. Ashe ya sha maganinsa da safe, amma rabonsa da abinci tun tuwon dare. Ɗan abin da ya rage a gidan jikoki ya bar wa.

Mu fahimci abin da ya faru. Allurar insulin da ƙwayoyi irin su glibenclamide, wanda da yawa suka sani da Daonil, aikinsu sauke suga ne a jini, ka ci abinci ko ba ka ci ba. In aka sha su ciki ba komai, suga kan faɗi ƙasa da 70 a na'urar gwaji, sai gumi, rawar jiki, jiri da ruɗewa, in ya yi tsanani a suma, har a rasa rai. Metformin shi kaɗai bai cika yin haka ba. Wanda ya shiga wannan hali, in yana iya haɗiya, a jiƙa masa sukari babban cokali ɗaya ko a ba shi rabin kofin lemo, a jira minti 15, in bai warware ba a ƙara, sannan ya ci abinci. In ya suma kada a ɗura masa komai a baki, asibiti za a yi da shi. Addu'a a yi ta a hanya.

Wannan ranar da babu ke nan. Ranar da aka samu fa? Abin da kuɗin talaka ke iya saye ya cika ciki shi ne garin kwaki da sukari, burodi da shayi, taliya, farar shinkafa da mai da yaji. Duk suna narkewa da sauri su harba suga sama. Yau ƙasa, gobe sama, a haka ido ke dushewa, ƙoda ta gaji, ƙaramin rauni a ƙafa ya ƙi warkewa. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 abin ya ƙara tsanani, har hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a 2024 a lissafin hukumar ƙididdiga ta Najeriya. Likita zai ce a kiyaye abinci, to wanda ba shi da zaɓi me zai kiyaye?

A nan nake son mu duba kanmu. Kayan da muke rabawa, musamman da azumi, mene ne a ciki? Shinkafa, taliya, sukari. Allah Ya karɓa, niyya mai kyau ce. Amma in ka san gidan akwai mai ciwon suga, kuɗin nan dai da za ka kashe, canza abin da za ka saya.

Ka fara da wake. Yana riƙe ciki, kuma ba ya ɗaga suga da sauri kamar shinkafa. Ko shinkafa da wake za a dafa, waken ya rinjaya. Sai gyaɗa, waken suya na awara, ƙwai, busasshen kifi. Ganye kuwa Allah Ya yalwata mana shi da araha: zogale, rama, tafasa, alayyahu, kuɓewa, kuka. Ma'aikatan lafiya suna koyar da raba kwano: rabi ganye, kwata wake ko kifi ko ƙwai, kwata tuwo, wato kamar girman dunƙulen hannun mai ci. Sai dai wanda ciwon ya riga ya taɓa masa ƙoda, likitansa ne zai faɗa masa adadin waken da zai ci.

Akwai wani kuskure da ke cin kuɗin talakawa a banza. An sa wa mutane a rai cewa mai suga ba shi da abinci sai alkama da acca. Mutum ya ci bashi ya sayi acca, ya cika kwano ya cinye, suga ya hau, ya rasa dalili. Su ma hatsi ne, suna komawa suga a jiki. Tuwon dawa ko gero daidai misali da miyar kuɓewa mai yawa ya fi masa tulin tuwon alkama. Haka zuma da dabino. Ba wanda ke musun falalarsu, amma suna ɗaga suga, kuma mai ba mara lafiya kofin zuma kullum da sunan sunna bai fahimci sunnar ba.

Abu na biyu, taimakon ya zama mai ɗorewa. Mudu biyu na wake duk mako ya fi masa buhun shinkafa sau ɗaya a shekara, domin maganinsa kullum yake sha. Kuma ka lissafa da iyalinsa. Uba ba zai ci wake da kifi yara suna kallo ba, zai miƙa musu ne kamar yadda dattijon nan ya yi.

Irin waɗannan mutane ba sa roƙo. Aya ta 273 a Suratul Baƙara ta siffanta mabuƙatan da kamun kansu ke sa wanda bai san su ba ya ɗauka mawadata ne. Nemansu ake yi. Suna cikin faƙirai da miskinai da aya ta 60 a Suratut Tauba ta fara ambata cikin masu cin zakka. In zakkar kuɗi ce, abin da ya fi kuɓuta daga saɓanin malamai ka damƙa masa kuɗinsa ka ba shi shawara. In sadaka ce, ƙofa a buɗe take: ka biya mai awo a unguwa ya riƙa aika masa duk Juma'a, ba sai maƙwabta sun sani ba.

Shi kuma mara lafiya, kada kunya ta hana shi gaya wa likita gaskiya: "Likita, ba kullum nake samun ci sau uku ba." Wannan maganar tana iya sa a canza masa magani ko a rage. Kada ya daina sha da ra'ayin kansa. In azumi ya gabato ya je a duba shi tun a Sha'aban, domin ayoyi na 184 da 185 a Baƙara sun yi wa mara lafiya rangwame.

Mu a masallacinmu yanzu akwai ƙwalin sukari mai iyali a ɗakin ladan, kuma mutum uku sun koyi amfani da na'urar gwajin suga.

Wallahu a'alam.