KWANA DUBU NA FARKO: YADDA CIMA DA KULAWA KE GINA ƘWAƘWALWAR JARIRI



'Yan uwa magidanta na Amarawa, Illela, Kalmalo da kewaye, har da 'yan uwanmu na ƙetaren iyaka a Ƙonni, darasinmu na yau a kan jarirai ne. Kada maigida ya ce wannan zancen mata ne ya wuce. Kai ke cefane, kai ke ba da izinin zuwa asibiti, don haka da kai ake.

Likitoci suna ƙirga kwana dubu tun daga ranar da ciki ya shiga har yaro ya cika shekara 2: kwana 270 na ciki, 730 na shekara biyun shayarwa. Jariri yana zuwa duniya da ƙwaƙwalwar da ba ta wuce kashi ɗaya cikin huɗu na girman ta babban mutum ba. Kafin ya cika shekara 3 ta kai kusan kashi 80 cikin 100. A wannan tsakani fiye da rabin ƙarfin abincin da jariri ya ci ƙwaƙwalwa ce ke cinye shi. To in abincin ya gaza, ko ciwo ya riƙa kwashe shi, ginin ne ke tafiya da giɓi. Kamar ginin laka ne, in tubalin ƙasa bai bushe da kyau ba, yaɓen sama ba ya gyara shi.

Kuma matsalar a gidanmu take. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna yara 37 cikin 100 'yan ƙasa da shekara 5 a Najeriya sun tsumbure, wato tsayinsu bai kai na shekarunsu ba. A jihar Sakkwato sun haura rabi. Shi ya sa ba mu ganewa. In duk yaran unguwa gajeru ne, sai ka ɗauka haka Allah ya yi su, ka ce "ai gado ne, kakanai ma haka yake". Wani lokacin gadon ne, amma sau da yawa yunwa ce da yawan zawo. Tsumburewa tana tafiya tare da jinkirin magana da wahalar karatu daga baya, kuma bayan shekara 2 da wuya a maido da abin da ya wuce.

*Tun daga ciki*

Asalin ƙwaƙwalwa da lakar baya suna haɗuwa cikin kwana 28 na farkon ciki, lokacin da matar ma ba ta tabbatar da batan wata ba. Don haka ciyar da matar aure da kyau ba ya jiran ciki ya fito. In ya tabbata, ta fara awo da wuri, ta sha ƙwayar ƙarin jinin da ake bayarwa kullum, ba sai ta ji jiri ba. Kada ta kora ta da shayi, domin shayi yana hana jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe. A bar tazarar awa ɗaya ko biyu. Gishirin miya kuma ya zama na leda mai aidin, a rufe shi, kada a bar shi a rana. Rashin aidin a jikin mai ciki yana daga manyan abubuwan da ke rage basirar yaro a duniya, alhali maganinsa yana teburin mai kayan miya. Ta kwana cikin gidan sauro, don zazzaɓin cizon sauro yana sa a haifi jariri ƙarami.

*Nono*

Allah Maɗaukaki ya ambaci shayarwar shekara biyu cikakku a Suratul Baƙara aya ta 233, kuma a cikin ayar nan ɗin ya ɗora ci da tufatar da mai shayarwa a wuyan uban yaro. Mu kan riƙe rabin farko mu karanta wa mata, mu manta rabi na biyu namu ne. Mai jego da ke wuni da kunu da ɗumame ba za a zarge ta ba in ta rame.

A sa jariri a nono cikin awa ɗaya da haihuwa. Ruwan farkon nan mai kauri, rawaya, wato dakashi, wanda wasu ke matsewa su zubar wai ƙazanta ne, shi ne rigakafin farko na yaro. Kaɗan ne, amma cikin jaririn kwana ɗaya bai fi cokalin shayi ɗaya zuwa biyu yake ɗauka ba. Ya ishe shi.

Daga nan nono zalla har wata 6. Ban da ruwa. Na san abin da za a ce: "Malam, zafin Sakkwato fa? Watan Afrilu a hana ɗiya ruwa?" Kusan kashi 88 cikin 100 na nono ruwa ne. In ana zafi uwa ta sha ruwa da yawa, ta ƙara yawan ba shi nono, dare da rana. Ruwan randa ko na rijiya da aka ɗura wa jariri yana cika ɗan cikinsa ya rage tsotso, in tsotso ya ragu nono ya ragu, ga ƙwayoyin zawo da ke shiga tare da shi. Haka jiƙe-jiƙe da dauri.

Ga wani wurin da ya shafe mu masu son maganin Musulunci. Zuma waraka ce, babu ja. Amma ba a ba jaririn da bai cika shekara 1 ba, ko lasawa. Tana iya ɗauke da wata ƙwayar cuta da hanjin babba ke iya kashewa, na jariri kuwa bai iya ba tukuna, gubarta tana saki jikin yaro har numfashi ya gagara. Man habbatus sauda da man zaitun ma ba na bakin jariri ba ne. Uwar ta ci, shi ya sha nono. Tahniki da dabino ɗan shafawa ne a dasashi sau ɗaya, ba ciyarwa ba ne, kuma mai yi ya wanke hannu. Sai kwalli: yawancin wanda ake sayarwa a kasuwa yana da dalma, ita kuwa dalma guba ce ga ƙwaƙwalwar yaro ko da kaɗan ce. Mun ga abin da ta yi a ƙauyukan Zamfara a 2010, inda yara fiye da 400 suka rasu saboda ƙurar dutsen zinariya. A hutar da idon jariri.

*Bayan wata shida*

A nan ne mafi yawan yaranmu ke fara zamewa. Nono kaɗai ya daina isa, sai a kawo koko tsararo a kofi. Koko mai gudu kamar ruwa yana cika ciki ne kawai. Gwajin mai sauƙi ne: ɗebo da cokali ka karkata shi, in ya zube nan take, ya yi ruwa. A dama shi da kauri, a sa garin gyaɗa ko ƙuli-ƙuli, ko garin waken suya da aka soya, da ɗan mai cokali ɗaya.

Akwai haɗin da ma'aikatan lafiya ke koyarwa, wanda ake kira Tom Brown: awo 6 na gero ko dawa, awo 3 na waken suya, awo 1 na gyaɗa. A soya kowanne daban, a cire ɓawon waken, a haɗa a niƙa, a ajiye a mazubi mai murfi. Duk ana samunsu ranar Lahadi a kasuwar Illela. Amma hatsi da wake ba su wadatar da sinadarin ƙarfe da ƙwaƙwalwa ke nema ba, sai an haɗa da abin da ya fito daga dabba: ƙwai, hanta, kifi busasshe da aka daka aka tankaɗe, nama da aka dafa ya yi laushi, kindirmo. Sai ganye da kayan lambu, zogale, alayyafo, kuka, kabewa, karas, mangwaro a lokacinsa.

Maganar cewa yaron da ya ci ƙwai zai yi sata ba ta da asali a addini, ba ta da shi a likitanci. Abin mamaki, gidan da ake kiwon zabi da kaji, ƙwan ya tafi kasuwa, maigida kuma ya zauna teburin mai shayi a soya masa uku. Ka rage ɗaya ka kai gida. Haka tsokar da ake tsamewa a sa a kwanon maigida, ɗan wata goma ya fi ka bukatarta.

Daga wata 6 zuwa 8 a ba shi abinci sau 2 zuwa 3 a rana, daga wata 9 zuwa shekara 2 sau 3 zuwa 4, da ɗan abin taɓawa a tsakani, nono kuma yana nan. A zuba masa a kwanonsa shi kaɗai, wani babba ya zauna da shi. In aka haɗa shi akushi ɗaya da yayyensa, kafin ya kai loma biyu sun sharce. A wanke hannu da sabulu, nasa da na mai ba shi.

Yaye kuma a bi shi sannu a hankali, kamar yadda Ibnul Ƙayyim ya yi nasiha a Tuhfatul Maudud. Ɗauke yaro rana ɗaya a kai shi gidan kaka a wani gari yana haɗa masa rashi biyu, nono da uwa, sai ya ƙi abinci ya kwanta ciwo. In an yi kwanika ma ba dole ne a cire shi ba. Nonon mai ciki ba guba ba ne, ita dai a ƙara mata abinci, ta kuma gaya wa ma'aikaciyar awo. An ruwaito cewa Sayyidina Umar (RA) ya ji kukan wani yaro da uwarsa ke gaggawar yaye shi, saboda baitulmali ba ya yanka wa yaro kaso sai an yaye shi. Nan take ya canza dokar, ya sa a riƙa yanka wa kowane jariri tun daga haihuwa.

*Abinci kaɗai bai isa ba*

A shekarun farko ƙwaƙwalwar yaro tana ƙulla mahaɗai fiye da miliyan ɗaya a kowace daƙiƙa. Waɗanda ake amfani da su suna ƙarfi, waɗanda aka bari suna gogewa, kamar hanyar gona da ciyawa ke rufewa in an daina bi. Abin da ke ƙarfafa su shi ne mayar da martani. Jariri ya yi gwaranci, ka amsa masa. Ya nuna akuya, ka ce "akuya ce, ga ɗanta can". Ya yi murmushi, ka mayar.

An gwada wannan a Kingston ta ƙasar Jamaika daga 1986. Aka ɗauki yara tsumburarru 'yan wata 9 zuwa 24, wasu aka riƙa zuwa gidajensu sau ɗaya a mako har shekara 2 ana koya wa iyaye mata wasa da hira da yaran, da kayan wasan da aka haɗa a gida. Bayan shekara 20 aka sake nemo su. Waɗanda aka yi wa wannan ziyara suna samun kuɗin shiga da ya fi na sauran da kusan kashi 25 cikin 100. A Romaniya kuma an bi yaran gidajen marayu, waɗanda ake ba abinci amma babu mai ɗaukarsu ko yi musu magana. Waɗanda aka mayar hannun iyalai kafin su cika shekara 2 sun fi farfaɗowa nesa ba kusa ba.

Muna da arziki a nan. Goyo yana sa yaro jin ɗumin uwa da muryarta duk wuni, gidanmu kuma cike yake da kakanni da gwaggwanni da yayye. Amma goyo a baya ba ya haɗa ido da ido, sai an sauke shi an zaunar a tabarma an fuskance shi. Sai kuma kunyar ɗan fari. Kara abu ne mai kyau, kada ki kira sunansa in ba ki so, ki sa masa laƙabi. Amma yarinya 'yar shekara 17 ta ƙi kallon jaririnta, ta ƙi yi masa wasa, har ta jinkirta ba shi nono don surukai na zaune, wannan yaron ne ke biyan kuɗin kunyar. Iyayenmu mata, ku ne za ku sauƙaƙa mata, ku ce "ɗauki ɗanki ki ba shi, ba komai".

Kai ma maigida ba a ɗauke maka ba. Annabi (SAW) ya yi salla yana ɗauke da jikarsa Umama, yana gajarta salla in ya ji kukan yaro don tausayin uwarsa. Da Aƙra'u bin Habis ya gan shi yana sumbatar Hasan, ya ce shi 'ya'yansa goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, Annabi (SAW) bai yaba masa ba, ya nuna masa rashin jinƙai ne. In ka dawo daga gona ko kasuwa, minti goma kafin ka fita majalisa ya isa: ɗora shi a cinya, ka yi masa karatu, ka ƙirga masa yatsu. Gwangwani da murfi, ƙoƙo da ludayi sun isa kayan wasa. In kana cirani, ka ce a sa masa waya a kunne ya ji muryarka. Amma miƙa wa ɗan shekara ɗaya waya ya kalli bidiyo don ya yi shiru, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a guje shi kafin shekara 2. Waya ba ta amsa masa gwarancinsa. Tsawa, duka da faɗan miji da mata a gabansa kullum su ma suna taɓa ƙwaƙwalwar da ke tsiro, ko da ana ganin bai san komai ba.

*Yaushe za a tafi asibiti?*

Tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sauro da zawo suka yi yawa, shi ne lokacin da tamowa ke kama yara. A karɓi maganin zazzaɓin damina da ake bi gida-gida ana ba 'yan wata 3 zuwa 59, a cika allurar rigakafi, musamman ta ƙyanda a wata 9, da ɗigon bitamin A duk wata 6. In zawo ya zo, ruwan gishiri da sukari na leda da ƙwayar zinc ta kwana 10, kuma kada a tsayar da nono.

A asibitin sha-ka-tafi akwai tef mai launi da ake auna damtsen yaro daga wata 6. Kore lafiya, rawaya gargaɗi, ja (ƙasa da santimita 11.5) tamowa ce mai tsanani. Haka in ƙafafunsa biyu suka kumbura, ka danna da yatsa wurin ya lotsa. Wannan ba maita ba ce, ba kuma shan nonon ciki ba ne, a kai shi ranar. Abincin gyaɗa na leda da ake ba masu tamowa magani ne na yaron shi kaɗai, ba na rabawa da yayye ba ne, balle a kai kasuwa. Ku riƙa duba bakin yaro mai rama: dasashi mai jini da wari da kumburin kunci na iya zama farkon ciwon noma, wanda ke cin fuska cikin 'yan kwanaki. Akwai asibitinsa na musamman a cikin garin Sakkwato tun 1999, kuma in an kama shi da wuri maganin kashe ƙwayoyin cuta yana tsayar da shi.

Haka nan in jariri ya kai wata 3 ba ya murmushi ko ba ya razana da ƙara, ko wata 9 ba ya zama, ko shekara ɗaya da rabi ba ya tafiya, ko shekara 2 ba ya haɗa kalma biyu, kada a tsaya ana cewa nauyin baki ne irin na gidansu. A kai shi babban asibitin Illela a duba shi, musamman kunnensa.

Allah ya raya mana zuri'a.